Ƙodojin Sarki Batory da Jakar da Magani Ba Ya Shiga

A ranar 12 ga Disamba, 1586, Sarki Stefan Batory na Foland ya rasu a Grodno, garin da yau yake cikin ƙasar Belarus. Shekarunsa 53. Jarumi ne da ya shafe shekaru a fagen fama, shi ne ya hana Ivan na Rasha barci a yaƙin Livonia, kuma kwanaki kaɗan kafin ya kwanta ma farauta ya fita. Idan irin wannan mutum ya faɗi cikin 'yan kwanaki, ba a rasa masu zargi. Aka ce guba aka ba shi. Likitocinsa biyu, Simoni da Buccella, dukkansu 'yan Italiya, suka shiga rubuce-rubuce kowa yana ɗora wa ɗan'uwansa alhakin mutuwar. An buɗe gawar sarkin, kuma abin da ya tsaya a ran waɗanda suka gani shi ne ƙodojinsa: girmansu ya kai na bijimin sa, jikinsu duk tudu da kwari, babu santsin da aka saba gani a ƙodar mutum. A shekarun 1930 wasu likitoci da masana tarihi a Krakow suka sake nazarin wannan rahoto, suka ce mafi kusa da gaskiya shi ne sarkin ya mutu da cutar ƙoda mai jakunkunan ruwa. Hukunci ne da aka yanke a kan takarda bayan kusan shekara 350, don haka a riƙe shi a matsayin zato mai ƙarfi. Duk da haka, da wannan gawa ake fara ba da tarihin cutar a littattafan likitoci.

Likitoci na taƙaita sunan cutar da ADPKD, kuma ita ce kan gaba a cututtukan ƙoda da ake gada. Idan uwa ko uba na ɗauke da ita, kowane ɗa da aka haifa yana tsakanin biyu ne daidai wa daida, ko ya ɗauka ko ya tsira, namiji ne ko mace. Ana yawan ƙiyasta cewa tana samun kusan mutum ɗaya cikin dubu, kuma ba ta zaɓar launin fata. Ƙodar lafiyayyen mutum ba ta wuce tsawon santimita 11 ko 12 ba, nauyinta kuwa wajen giram 150. A jikin mai wannan cuta, 'yan jakunkuna cike da ruwa ne ke tsirowa a cikin naman ƙodar, ɗaruruwa ko dubbai, daga mai girman ƙwayar gero har mai girman lemo, har ƙoda ɗaya ta kai nauyin kilo da dama. Hawan jini kan zo da wuri, sai ciwon kwiɓi, sai jini a fitsari, kuma wajen rabin masu cutar ƙodarsu kan gaza kafin su cika shekara 60.

Abin da ya kai ni ga wannan tarihi tambaya ce da ta fi wannan ƙanƙanta. Tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na masu cutar suna gamuwa da ciwon hanyar fitsari aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu, mata sun fi yawa nesa ba kusa ba. Wasu nasu yana tafiya yana dawowa. Wasu kuma sukan sha maganin da ya warkar da maƙwabciyarsu cikin kwana uku, su kuwa zazzaɓin ya ƙi sauka. Me ya haɗa cutar da aka gada tun daga ciki da ƙwayar cutar da ke shigowa daga waje? An ɗauki kusan ƙarni ɗaya da rabi kafin a haɗa amsar, kuma ba mutum ɗaya ya kawo ta ba.

Cikin waɗanda suka ajiye cututtukan biyu a littafi ɗaya akwai wani Bafaranshe, Pierre Rayer, likita a asibitin La Charité da ke Paris. Tsakanin 1839 da 1841 ya fitar da babban littafinsa kan cututtukan ƙoda, mai juzu'i uku, tare da kundin zane-zane masu launi. A ciki ya zana ƙodojin da jakunkuna suka cinye, kuma shi ne ake jingina wa sunan da likitoci ke kiran kumburin ƙoda da mazubinta da shi har yau. Ya ga mugunya a ƙoda, ya ga jakunkuna, amma a zamaninsa ba a san ƙwayoyin cuta ne ke haddasa mugunya ba. Abin mamaki, shi da abokin aikinsa Davaine ne suka hango wasu 'yan sanduna a jinin tumakin da cutar antiraks ta kashe a 1850, ba tare da sun gane cikakkiyar ma'anar abin da suka gani ba. Sunan cutar kuwa sai a 1888 ya zauna, lokacin da Félix Lejars ya rubuta kundin digirinsa a Paris kan babbar ƙoda mai jakunkuna da yawa a jikin baligi, ya nuna cewa ƙodojin biyu take kamawa tare.

A wancan ƙarni an fi ɗaukar al'amarin a juye. Rudolf Virchow, wanda maganarsa ta zama hukunci a ilimin cututtuka a Jamus, yana ganin toshewar ƙananan bututun ƙoda ce ke sa ruwa ya taru ya zama jaka, kuma daga cikin abubuwan da ya zarga da toshewar har da kumburi. Wato kumburi ne uba, jaka ce 'ya. Wasu suka ce a'a, tun a cikin mahaifa ne sassa biyu na ƙodar suka kasa haɗuwa. Dukkan ra'ayoyin biyu sun faɗi daga baya. Aikin da ya kafa hujja a kan gado shi ne na O. Z. Dalgaard a Danmak, wanda a 1957 ya wallafa binciken da ya bi diddigin majinyata 284 da danginsu. Daga nan aka daina neman asalin jakunkunan a wajen ƙwayar cuta, aka koma tambayar yadda jakunkunan ke share mata hanya.

Ita ƙwayar cutar an riga an san ta. A 1885 wani likitan yara, Theodor Escherich, ya bayyana wata bakteriya da ya samo a kashin jarirai a Munich, wadda daga baya aka raɗa wa sunansa, ake kiranta E. coli. Gidanta hanji ne, kuma a can ba ta da laifi. Matsala na farawa ne idan ta tsallaka daga dubura zuwa bakin mafitar fitsari, ta haura zuwa mafitsara. Wasu nau'o'inta suna da 'yan zare-zare a jikinsu da suke maƙalewa da su a bangon mafitsara don kada fitsari ya wanke su. Daga mafitsara kuma za su iya bin bututun nan biyu su hau har ƙoda. Dalilin da ya sa mata suka fi kamuwa a bayyane yake: bututun da ke fitar da fitsari daga mafitsarar mace wajen santimita 4 ne, na namiji kuwa ya kai 20, ga shi kuma bakin na mace yana kusa da dubura. Saduwar aure da juna biyu suna ƙara sauƙaƙa hawan. Wannan duka gaskiya ne ga kowace mace, mai cutar gado da marar ita. Ƙofar shiga ɗaya ce. Bambancin yana cikin abin da ƙwayar ke tararwa idan ta iso sama.

Babbar garkuwar hanyar fitsari ba wata aba ce mai wuyar fahimta ba: gudu ne. A kowace rana ƙodoji suna tace ruwa wajen lita 180 daga jini, su mayar da kusan duka, su saki lita ɗaya da rabi ko biyu a matsayin fitsari, kuma wannan ruwa yana gangarowa ne ba tsayawa. Bakteriyar da ke iya ninka kanta cikin minti ashirin idan ta samu wuri, ba ta samun sukuni a ruwa mai tafiya. Duk wanda ya ga yadda kwata ke zama idan shara ta tare ta da damina ya san sauran labarin.

Likitoci sun fara ganin wannan tarewa da idonsu ne a farkon ƙarni na 20. A 1906, a Heidelberg, Voelcker da von Lichtenberg suka ɗura wani ruwa mai bayyana a hoton eksire ta cikin mafitsara zuwa ƙoda, suka ɗauki hoton mazubin fitsari a jikin rayayyen mutum. A 1929 wani matashin likita Ba'amurke, Moses Swick, da ke aiki a Berlin, ya samo hanyar yin hakan ta allurar jijiya. Hoton ƙoda mai jakunkuna ya fito da wata siffa da ta shiga littattafai: ƙananan kofunan da ke karɓar fitsari sun miƙe, sun sirance, sun lanƙwashe kamar ƙafafun gizo-gizo, saboda jakunkuna sun matse su ta kowane gefe. A irin waɗannan lunguna fitsari ba ya fita duka. Yana kwantawa.

Kwanciyar fitsari kuma tana haifar da abu na biyu, wato tsakuwa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar na masu wannan cuta yana samun tsakuwar ƙoda, adadin da ya zarce na sauran jama'a. Ban da kwanciyar, fitsarinsu kan yi tsami fiye da kima, kuma sau da yawa yana da ƙarancin sitiret, sinadarin da ke hana gishiri dunƙulewa, shi ya sa tsakuwar yurik asid ta yi yawa a cikinsu. Tsakuwa tana toshe hanya, ta ƙara kwantar da fitsari, sannan jikinta maɓoya ce: bakteriya na lulluɓe kanta da wani yauƙi a kanta, magani ya wuce ta sama. Jinin da kan tsiyaya a cikin jaka idan jijiya ta fashe shi ma abinci ne, domin bakteriya na bukatar sinadarin ƙarfen da ke cikinsa.

Akwai wani babi na wannan tarihi da likitoci ba su cika alfahari da shi ba. Kafin zuwan na'urar sikanin a shekarun 1970, hanyar tabbatar da cutar sau da yawa ita ce a zura ƙarfen leƙen mafitsara, wanda Max Nitze ya gabatar a 1879, a tura siririyar roba zuwa ƙoda, a ɗura ruwan hoto. Duk abin da ke bakin hanya sai a tura shi sama tare da ruwan, zuwa cikin ƙodar da ba ta iya wanke kanta. Mutum ya zo a duba shi, ya koma gida da zazzaɓi. Haka kuma a 1911 likitan fiɗa Thorkild Rovsing na Copenhagen ya bayyana aikin buɗe ciki a huda jakunkunan ɗaya bayan ɗaya don a rage wa ƙodar matsi. An yi shekaru ana yin wannan aiki, har sai da Bricker da Patton suka ba da rahoto a 1957 cewa aikin ƙodar wasu majinyata ya ragu bayan fiɗar, sai aka ja baya da shi na tsawon lokaci. Darasin da ya rage daga wancan zamani yana nan a ƙa'idar yau: kada a sa wa mai wannan cuta robar fitsari ko wani ƙarfe sai dole, idan kuma dolen ta zo, a kare shi da magani.

Duk abin da na lissafa zuwa nan yana bayyana yawan kamuwa. Bai bayyana taurin kan ciwon ba. Wannan sai da aka shiga cikin jakar kanta.

A kowace ƙoda akwai matatu ƙanana wajen miliyan ɗaya, kowace da siririn bututunta. A 1947 wani likita ɗan Beljiyam, P. P. Lambert, ya bi waɗannan bututu a ƙarƙashin madubin likita ya nuna cewa jakunkunan daga jikinsu suke fitowa, kamar yadda tayar keke ke yin ƙululu a inda ta yi rauni. A 1964 Osathanondh da Edith Potter suka faɗaɗa wannan aiki a Chicago. Abin da ya fito daga baya shi ne cewa kaɗan ne ƙwarai daga cikin matatun ke yin jaka, 'yan kashi ƙalilan cikin ɗari, amma girmansu ya isa ya danne sauran. Sai kuma Jared Grantham na Jami'ar Kansas, wanda ya ba da rayuwarsa ga wannan cuta har ya kasance cikin waɗanda suka kafa gidauniyar yaƙi da ita a 1982. Shi da abokan aikinsa suka nuna a shekarun 1980 cewa da zarar jaka ta wuce faɗin milimita biyu ko makamancin haka, yawanci sai ta tsinke daga bututun da ya haife ta, ta rufe bakinta. Kusan kashi uku cikin huɗu na jakunkunan da suka duba ba su da wata mahaɗa da hanyar fitsari.

To, in jaka ta rufe, ta ina ruwa ke ci gaba da shigarta? Bangonta ne ke zubo shi. Ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin jakar suna tura gishirin kuloraid ciki, ruwa ya bi shi, kusan irin abin da hanji ke yi a lokacin kwalara. Saboda haka jakar rijiya ce mai idon ruwa amma babu magudana. Akwai ɗumi, akwai furotin, wani lokaci akwai tsohon jini. Idan bakteriya ta samu shiga, ko daga naman ƙodar da ya kumbura a gefenta ko ta jini, ta sami ɗakin da ba mai share shi. Jakar sai ta koma maruru a tsakiyar ƙoda.

A nan ne lissafin magani ya rushe. Tun daga zuwan Prontosil a 1935 da fenisilin a shekarun 1940, ciwon hanyar fitsari ya zama cikin masu sauƙin magani, saboda wata sa'a: ƙoda ce ke fitar da yawancin waɗannan magunguna daga jiki, don haka suna taruwa a fitsari da ƙarfin da ya ninka na jini sau da yawa. Maganin da kansa yake zuwa inda ciwon yake. Amma jakar da ta tsinke ba ta karɓar fitsari. Duk maganin da zai shige ta sai ya ratsa bangonta, bangon kuwa na maiƙo ne kamar na kowace ƙwayar halitta. Tun a 1969 Kenneth Gardner ya auna ruwan jakunkuna goma sha biyu na ƙoda guda ya ga ba iri ɗaya ba ne: wasu ruwansu ya yi kama da na jini, alamar bangonsu na yoyo, wasu kuwa sun riƙe bambanci mai yawa, alamar bangonsu a matse yake gam. A 1981 Richard Muther da William Bennett a jihar Oregon suka auna yawan maganin da ke isa cikin jakunkuna, suka tarar gentamicin da wasu magunguna na dangin fenisilin da sefalosforin kaɗan ne ke shiga, a jakunkuna masu matsattsen bango kuwa kusan babu. Waɗannan su ne manyan makaman asibiti a lokacin. Ana ɗura wa majinyaci su ta jijiya, gwaji ya ce ƙwayar cutar tana jin maganin, amma maganin yana zagaye jakar ne kawai. Wasu majinyatan sai da aka cire musu ƙodar ɗungurungum kafin zazzaɓi ya sauka, wasu kuma ƙwayar ta bazu a jininsu suka rasu.

Mafita ta zo daga wata ƙa'ida mai sauƙi ta kimiyyar sinadarai: abin da ke narkewa a mai yana ratsa bangon mai. A 1983 Steve Schwab da su Grantham suka nuna clindamycin na taruwa a cikin jaka, musamman mai ruwa mai tsami, sai dai kash, ba ya kashe E. coli. Chloramphenicol yana shiga kuma yana kashewa, amma yana iya lalata ɓargo. Ƙungiyar Bennett ta nuna a 1987 cewa haɗin trimethoprim da sulfamethoxazole, wanda muka fi sani da Septrin, yana isa ciki. Shekara guda bayan haka suka nuna hakan ga ciprofloxacin, maganin kamfanin Bayer da Amurka ta amince da shi a 1987. Daga nan ciprofloxacin da danginsa suka zama abin dogaro, kuma aka gane cewa kwana biyar ko bakwai ba sa isa: jakar da ta kamu tana bukatar mako huɗu zuwa shida, babbar jaka kuwa sau da yawa sai an zura allura an zuƙe mugunyar.

Rufewar jakar ta kuma ɓata wani ma'auni da likitoci suka dogara da shi. A tsakiyar shekarun 1950 Edward Kass na Boston ya kafa ƙa'idar cewa idan an shuka fitsari a ɗakin gwaji aka sami bakteriya 100,000 a kowane mililita, to ciwo ne na gaske. Ƙa'ida ce mai amfani, kuma har yau da ita ake aiki. Amma jakar da ba ta zuba a fitsari ba za ta aiko da shaida ta fitsari ba. Majinyaci na iya zuwa da zazzaɓi mai zafi da ciwo a wuri ɗaya a kwiɓinsa, sakamakon fitsari ya fito fes. Shi ya sa ake shuka jini ma, ake kuma auna alamar kumburi ta CRP. Sikanin da hoton CT ma ba su cika rarrabe jakar da ta kamu daga ɗaruruwan da ke kewaye da ita ba, kuma jakar da jini ya zuba a cikinta tana ciwo iri ɗaya. A 2009 likitocin asibitin Necker da ke Paris suka wallafa nazarin majinyatansu, inda E. coli ta kasance sanadin kusan kashi uku cikin huɗu na ciwukan da aka gano ƙwayarsu, kuma suka nuna amfanin hoton PET: ana yi wa mutum allurar sukari mai alama, ƙwayoyin jinin da ke yaƙi a jikin jakar su zuƙe shi, wurin ya haskaka. Yawan E. coli ya ƙarfafa ra'ayin cewa daga ƙasa ciwon ke haurowa. Sai dai likitocin asibitin Toranomon a Japan, waɗanda suka ga majinyata da yawa masu wankin ƙoda, sun ja hankali ga hanya ta biyu. Mutumin da ya daina yin fitsari ma jakarsa na kamuwa, haka jakunkunan hanta, waɗanda yawancin masu cutar ke da su kuma ba abin da ya haɗa su da mafitsara. Waɗannan ta jini ko ta hanyar ɗaci ƙwayar ke isa gare su, mai yiwuwa daga hanji.

Mai karatu zai lura ban ce komai ba tukuna game da ƙwayoyin gado, alhali su ne suka fi samun kanun labarai. A 1985 Stephen Reeders da abokansa a Oxford suka gano cewa matsalar na kan kuromosom na 16. A 1994 wata gamayyar masu bincike ta Turai ta ware PKD1, a 1996 kuma ƙungiyar Stefan Somlo ta ware PKD2 a kan kuromosom na 4. Na farkon ne ke da alhakin kusan kashi huɗu cikin biyar, kuma ya fi tsanani: masu shi kan kai ga wankin ƙoda a shekarunsu na hamsin, masu na biyun kuwa sai a na saba'in. Wannan babban ci gaba ne, kuma fahimtar yadda jaka ke tara ruwa ta kai ga maganin tolvaptan mai rage saurin girmanta, wanda Japan ta amince da shi a 2014, Amurka a 2018. Amma a ganina, ga tambayar da muke bi, masu auna ruwan jaka da sirinji sun fi masu karanta kuromosom ba da amsa. Ƙwayar gadon tana gina jakar ne, sauran aikin siffar wurin ce ke yin sa. Alaƙar da ke akwai ita ce ta yawa: mai jakunkuna da yawa da wuri shi ne mai lunguna da yawa. Shi ya sa ma'aunin hasashe na PROPKD, wanda masu bincike a Brest ta Faransa suka wallafa a 2016, ya sanya kamuwar jaka, ko jini a fitsari, ko ciwon kwiɓi kafin shekara 35 cikin alamun cewa ƙodar za ta gaza da wuri.

Nasarar shekarun 1980 kuwa tana zaizayewa. E. coli mai jure ciprofloxacin da Septrin ta yawaita a duniya, kuma jerin magungunan da ke ratsa jaka gajere ne tun asali. Shi kansa ciprofloxacin ba tsarkakakke ba ne: yana iya tsinka agara, kuma a Disamban 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa danginsa na ƙara haɗarin tsagewar babbar jijiyar jini, gargaɗin da ke da nauyi ga masu cutar da dama jijiyoyinsu na da rauni. Ƙa'idojin da ƙungiyar KDIGO ta fitar a 2025, na farko da ta keɓe wa wannan cuta, sun ci gaba da ba da shawarar magani mai narkewa a mai na mako huɗu zuwa shida, tare da cewa a ɗauki fitsari da jini don shuka kafin a fara, kuma kada a ba da magani don kawai an ga bakteriya a fitsarin wanda ba ya jin komai.

A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. A garuruwanmu zazzaɓi maleriya ne, in ya ƙi sauka ya zama taifot, maganin taifot ɗin da ake miƙowa a kemis kuwa sau da yawa ciprofloxacin ne, na kwana uku ko biyar, gwargwadon kuɗin da ke hannu. Zafin fitsari da ciwon mara kuma duk an tattara su a ƙarƙashin kalma ɗaya, sanyi, wadda ke ɗauke da kunya har mace ta gwammace ta aika yaro kemis ko ta nemi jiƙo da ta je asibiti. Ga mai jakunkuna a ƙoda, gajeren shan ciprofloxacin yana kwantar da zazzaɓin ba tare da ya gama da abin da ke cikin jakar ba, kuma yana horar da ƙwayar ta jure ɗaya daga cikin 'yan magungunan da za su iya cim mata. Allurar gentamicin da ake yi barkatai ba ta shiga jakar, ga shi tana cutar da ƙodar da dama ta raunana. Haka diclofenac da ibuprofen da ake sha don ciwon kwiɓin.

Gano cutar kuwa bai bukatar PET ko gwajin kuromosom. A gidan da aka san akwai ta, sikanin na ciki ya wadatar: bisa ma'aunin da York Pei da abokansa suka wallafa a 2009, jaka uku a ƙodojin wanda ke tsakanin shekara 15 da 39 sun isa a tabbatar, wanda kuma ya kai 40 ba a ga jaka biyu ba, ya fita daga zargi. Abin da ya fi wuya shi ne sanin cewa akwai ta a gidan, domin a wurinmu ba a cika buɗe gawa ba, kuma kakan da ya rasu da kumburin ciki da hawan jini yana da shekara hamsin da 'yan kai, abin da ake cewa kawai shi ne ya yi jinya.